Kasuwar Nima, Rumbun Birnin Akra

Laraba ce babbar ranar kasuwar Nima, a tsakiyar Akra, babban birnin Gana. Tun asuba manyan motoci ke sauke buhunan gero, dawa, masara da wake, yawanci daga arewacin ƙasar, tare da albasar da ake kawowa tun daga Nijar. Kafin hantsi kasuwa ta cika ta batse, 'yan tebur da motocin haya suna rabon titi.

Nima zango ce. A shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya samu fili a nan daga hannun mutanen Ga, masu ƙasa, baƙi suka yi ta sauka. Dokar korar baƙi ta 1969 ta raba mutane da yawa da gidajensu, amma unguwar ta farfaɗo. Yau Bahaushe da Bazabarme da Badagombe, da Mosi da Kotokoli da Bayarabe, katanga ɗaya ta raba su. A kasuwa sai a gaisa da Hausa, a yi ciniki da harshen Ashanti, a ƙirga kuɗi da Turanci.

Wanda ke son ya san Nima, ya shiga layin 'yan yaji. Ƙamshin citta, kanumfari, masoro, kimba da daddawa ke tarbar mutum tun daga nesa. Mai hatsi tana cika gwangwanin awo da ake kira olonka har ya yi tozo.

"Hajiya, a rage mini mana."

"Albarka, 'yata. Ƙara kaɗan, zan yi miki gyara."

A nan masu dafa shinkafa da wake ke sayen karan dafin da ke ba abincin jan launi, a nan masu koko da ƙosai ke awon gero da wake. Da yawa bashi suke ɗauka, su biya bayan sun sayar. Amanar nan ba ta tambayar ƙabila ko addini, kuma ita ke riƙe da unguwar.

Sai dai kasuwar na buƙatar kulawa. Magudanai kan toshe da shara, ruwa ya yi ambaliya da damina. 'Yan matan arewa masu dako suna yini da manyan kwanuka a ka don ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wasunsu ba su da makwanci mai kyau. Wurin da ke ciyar da birni ya cancanci rumfuna masu inganci da tsabta, masu ɗaukar kayansa kuma a biya su haƙƙin guminsu.