Yadda Manomi Zai San Nawa Buhunsa Ya Tsaya Masa

Kaka ta yi, hatsi ya shigo gida, masu awo kuma sun fara zagaya ƙauyuka da buhunansu. Mai saye ya san abin da zai taya, gama ya yi lissafinsa tun daga gida. Amma in aka tambayi manomi nawa buhu guda ya tsaya masa, sau da yawa sai ya yi shiru. Kuɗin da ya kashe tun bazara sun fita ne kaɗan kaɗan, bai rubuta ba. Saboda haka yakan sallama buhu yana murna, alhali kuwa faɗuwa ya yi.

Akwai wata dabara ta maganin wannan, watau allon lissafi na kwamfuta. Wani ɗalibi a Jami'ar Harvard ta Amurka, Dan Bricklin, shi da abokinsa Bob Frankston, su suka fitar da VisiCalc a 1979, wanda ya fara yaɗa dabarar. Excel ya fito a 1985, Google Sheets kuma a 2006. Yanzu ana iya sa waɗannan biyu a wayar hannu, akwai kuma LibreOffice Calc wanda ake samu kyauta domin kwamfuta.

Allon kamar filin dara yake, gida gida. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, D, na kwance kuma suna da lambobi, 1, 2, 3. Don haka kowane gida da sunansa: inda layin B ya gamu da layi na 2, shi ne B2. A cikin gida ana iya rubuta magana, ko lamba, ko kuwa umurni. Umurni kullum da alamar = yake farawa.

Ga misali, kuɗin da ke ciki kuwa na kwatance ne kawai. A ce mutum ya noma masara kadada guda. A layin kwance na 1 sai ya rubuta kanun magana: A abin da aka kashe wa kuɗi, B yawansa, C farashin guda, D jimla. Daga layi na 2 zuwa na 7 ya jera iri naira 20,000, taki buhu 6 kowane naira 40,000, huɗa 50,000, 'yan ƙwadago 120,000, maganin ciyawa 30,000, buhuna da dako 40,000. Abin da ba ƙirga shi aka yi ba, kamar huɗa, sai a sa masa 1 a layin B. A gidan D2 ya rubuta =B2*C2, sa'an nan ya ja wannan umurni ƙasa har D7. A gidan D8 ya rubuta =SUM(D2:D7), nan take jimla ta fito, naira 500,000. In ya sami buhu 20, ya sa 20 a B10, ya rubuta =D8/B10 a D10. To, ga amsa: kowane buhu ya tsaya masa naira 25,000. Duk wanda ya taya ƙasa da haka, asara yake neman jawo masa.

Inda allon ya fi takarda shi ne wajen canji. In damina ta yi gardama aka sami buhu 16 kaɗai, sai a goge 20 a sa 16, buhu ya koma naira 31,250. In kuwa taki ya hau zuwa 45,000, lamba guda za a sake, jimla ta zama 530,000, buhu cikin 20 ɗin nan ya tsaya 26,500. Da haka mutum zai gwada lissafin baɗi tun bai taɓa fartanya ba.

Sai dai akwai ƙa'idodi da tilas a kiyaye. Na farko, kada a gama magana da lamba a gida guda. Wanda ya rubuta "buhu 6" ya ɓata aiki, domin na'ura za ta ɗauke shi magana ce, ta ƙi lissafa shi. A rubuta 6 kaɗai, kalmar buhu ta zauna a nata gida. Na biyu, kowane farashi a rubuta shi sau ɗaya tak, sauran gidaje su riƙa ɗaukowa daga can. Na uku, ma'auni ya zama ɗaya. In da buhu aka fara a ƙare da buhu, kada a cuɗa shi da tiya ko mudu, balle ma mudun wani gari ya bambanta da na wani. Na huɗu, manomi ya sa wa aikinsa da na iyalinsa kuɗi, har da abincin gayya, gama gumi ba kyauta ba ne.

Na biyar, a riƙa duba umurnin jimla ko ya kama dukkan layuka. Wannan kuskure ya taɓa kama har manyan malamai. A 2010 waɗansu shaihunan malamai biyu, Reinhart da Rogoff, suka buga bincike a kan bashin ƙasashe, 'yan siyasa suka yi ta kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya duba allonsu na Excel ya tarar umurninsu ya tsallake ƙasashe biyar. In haka ta sami masana, akawun ƙungiyar manoma ma sai ya yi hattara, musamman in ya ƙara sabon layi a ƙasa.

'Yan kasuwa da akawuna su ma suna da rabo. Mai sayen hatsi a ƙauye don kai wa kasuwar Dawanau ta Kano zai jera kuɗin saye, da lodi, da mota, da la'ada, da hayar sito, ya ga ribarsa ta gaskiya a kowane buhu. Akawun da ke raba takin bashi kuwa sai ya ba kowane mutum layi guda: suna, ƙauye, ranar karɓa, abin da ya karɓa, abin da ya biya, da saura. Allon yana iya jera sunaye bi da bi, ko ya ware mutanen ƙauye guda, ko ya nuna waɗanda ba su biya ba kaɗai. Aikin da kan ci wuni sai a gama shi kafin shayi ya huce.

Wanda ba shi da waya irin wannan kada ya ce ba nasa ba ne. Ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta kowane kuɗi ran da ya fita, da boko ko da ajami. Ran Juma'a ɗansa ɗan makaranta ko akawun ƙungiya ya shigar masa. Littafin nan kuma kada a yar da shi, a kuma ajiye kwafin allon a wani wuri dabam, domin waya takan ɓace, takan faɗa ruwa.

Na'ura ba ta san gona ba, abin da aka ba ta shi take lissafawa. In aka ba ta lambar ƙarya, amsar ƙarya za ta mayar. Saboda haka wanda bai rubuta na bana ba ya zauna yanzu ya tuno abin da zai iya tunowa kafin ya buɗe rumbu, na baɗi kuwa ya fara rubutawa tun daga ran sharar gona.