Kariyar da Ingila Ta Ce Ta Kawo wa Arewa

Turawan Ingila suna da kalma guda wadda suke faɗa idan uwa ta kare ɗanta daga sanyi, ko hukuma ta tsare masana'antun gida da kuɗin fito, har ma da kuɗin da 'yan daba kan karɓa wurin mai kanti don kada su ƙona masa dukiya. To, da wannan kalma ce suka yi wa ƙasarmu laƙabi ranar 1 ga Janairu 1900, sa'ad da wakilinsu Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja, ya shelanta cewa Arewa ta shiga kariyar Sarauniya.

A shari'arsu akwai bambanci tsakanin mallaka da kariya. Ikko, wadda suka karɓa a 1861, mallakarsu ce, mutanenta kuwa talakawan Sarauniya ne. Arewa, a takarda, ba ta zama ƙasar Ingila ba, mutanenta ma ba a lissafa su cikin talakawan Sarauniya ba, sai dai a ce waɗanda take karewa. Abokan gābar da ake nufi kuwa su ne Faransa da Jamus, domin tun taron Balin na 1884 zuwa 1885 kowace daula take hanzarin kafa hujjar cewa ita ta riga isowa.

Malamanmu sun san amana da zimma a fiƙihu, sun kuma san cewa ƙulli ne wanda ba ya inganta sai da ijabi da ƙabuli, wato wannan ya nema, wancan ya amsa, kowa ya san haƙƙinsa da wajibinsa. Abin da ya sa lamarin ke sosa mini rai ke nan, don kuwa Sarkin Musulmi bai nemi wannan kariya ba, kuma da igwa aka kawo ta: Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru kuwa ya yi shahada a Burmi cikin Yuli, tare da jama'a masu yawa da suka bi shi hijira.

Daga nan sarki ba ya hawa gado sai Gwamna ya ba shi sanda da takardar naɗi, ya yi rantsuwar biyayya, Razdan yana gefensa a matsayin mai ba da shawara, shawarar da ƙinta kan jawo tuɓewa. Haraji da jangali kuwa ana raba su tsakanin baitulmalin sarki da gwamnati. Haka aka zauna har 1960.