Ƙidayar Itatuwan Gona da Na'urar da ke Wata Ƙasa

Gonakin da ke tsakanin Kano da Dambatta ba sa rabuwa da itatuwa: ga ɗorawa, ga tsamiya, ga kuka, ga kuma gawo, wanda ya saɓa wa 'yan'uwansa, yana kaɗe ganye da damina ya yi tofo da rani. Tun cikin shekarun 1960 Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya, daga bisani kuma a Jami'ar Bayero, ya duƙufa kan nazarin karkarar Kano mai cunkoson jama'a. Bincikensa ya nuna cewa manoma na tattalin itatuwansu, yawan mutane bai ƙarar da su ba. A wancan zamani da ƙafa ake ƙidaya, sai kuma hotunan jirgin sama.

A shekarar 2020, Martin Brandt na Jami'ar Kofanhagan da abokan aikinsa na hukumar NASA suka ƙidaya itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel daga hotunan tauraron ɗan Adam. Wata ƙasaitacciyar na'ura mai ƙwaƙwalwa a Jami'ar Illinois ta Amurka, mai suna Blue Waters, ita ta ɗauki nauyin lissafin. Irin waɗannan na'urori na bukatar lantarki marar yankewa da ɗaki mai sanyi, ga tsadar da ta fi ƙarfin yawancin makarantu.

To, ta yaya mai bincike a Kano zai ci moriyar irinsu? Amsar ita ce manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa. Biyu daga cikin sanannunsu sun fito a 1998: VNC daga wani ɗakin bincike a Kambirij ta Ingila, da RDP ta kamfanin Microsoft. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Hotuna da lissafi duk suna can cikin babbar na'urar. Abin da ke zuwa wa ƙaramar kwamfutar mai bincike shi ne surar allo kawai, abin da ke komawa kuwa shi ne abin da ya danna da inda ya motsa linzami.

Sai dai surar allon ma kaya ce mai nauyi. Allo mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana da ɗigo sama da miliyan 2, wato kimanin megabayit 6. In za a sabunta shi sau 30 a daƙiƙa, an doshi megabayit 180 ke nan, abin da layin wayar salula a ƙauye ba zai ɗauka ba. Saboda haka manhajar kan aiko da sashen da ya canza kaɗai, ta kuma matse shi kamar yadda ake matse bidiyo.

Matsalar da ta fi ci wa masu aiki tuwo a ƙwarya ita ce jinkiri. Tauraron sadarwa mai tsayawa a saitin wuri guda yana nisan kilomita 36,000 ne daga ƙasa, don haka saƙo kan ci kusan rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kafin na'ura ta koyi gane itace, sai da Brandt ya zagaye kan itatuwa kusan 90,000 da hannunsa. Mai irin wannan aiki daga Dambatta ko Bichi, in layinsa na da jinkiri, hannunsa zai riƙa wuce gefen gawon kafin zanen ya bayyana a allo.