Haɗa Kwamfutar Wasa da Ƙaramin Ƙarfi: Lissafin Ɗan Arikya

Gabatarwa

Kwamfutar wasa ita ce na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda aka zaɓi kayan cikinta musamman domin ta iya zana hotuna masu motsi da sauri, aƙalla hoto 30 a cikin daƙiƙa ɗaya, in da hali 60. Wannan saurin zane shi ne ya bambanta ta da kwamfutar da muke buga kundin digiri da ita. A wannan maƙala zan yi bayanin yadda ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi kaya ya haɗa tasa, kuma zan yi awon da mudun garinmu Arikya da ke ƙaramar hukumar Lafiya a jihar Nasarawa, inda kuɗin da saurayi zai sa a wannan harka yawanci na riɗi ne ko doyar da ya yi damina guda yana wahala a kai. Irin wannan kuɗi ba a caca da shi. Ra'ayina tun daga farko shi ne, a wurinmu ba aljihu kaɗai ke yanke hukuncin irin kwamfutar da za a haɗa ba, wutar da za ta ci ita ce babbar alƙaliya.

A Fara da Lissafin Wuta

Masu bayanin haɗa kwamfuta a Turai da Amurka ba su damu da wannan babi ba, domin su wuta kamar iska ce a wurinsu. Mu kuwa, ko da yake an ƙaddamar da babbar tashar rarraba wuta ta Akurba a Lafiya a shekarar 2022, wanda ke zaune a wajen birni ya san cewa janareto da sola su ne abin dogaro, fetur kuma ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023.

Ana auna cin wutar kowane kaya da wat. Bari mu ɗauki misali biyu. Katin hoto samfurin GTX 1650 yana cin wat 75, ƙwaƙwalwa matsakaiciya 65, sauran tarkace kamar 30, allon kallo kamar 25. Jimla ta kusa 200. In aka cire wannan kati aka sa RX 580, wanda 'yan kasuwa suka fi tallatawa saboda ƙarfinsa da araharsa, shi kaɗai zai lashe wat 185, jimla ta haura 300. To, batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da abin da zai ba da wat 2,400 na awa guda, amma in irin mai ruwan asid ne rabi kawai ake son a sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan kwamfuta ta farko za ta yi kamar awa biyar, ta biyu kuwa uku da rabi, kuma kafin a kunna fanka ko ƙwan fitila ke nan. Haka abin yake ga ɗan ƙaramin janareton nan da ake yi wa laƙabi da na-fi-maƙwabcina: an rubuta 950 a jikinsa, amma abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 650 ba, kuma wutarsa hawa da sauka take yi. Arahar kati mai cin wuta, a ganina, araha ce irin ta doki: sayensa da sauƙi, ciyar da shi ne aiki.

Kayan Ciki da Sunayensu

Tun da muna sashen Hausa, ya dace mu raɗa wa kayan suna. Akwai ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara ke kira furosesa, sunan da kan sa wasu su zaci malamin jami'a ake nufi. Ita ke lissafi da ba da umarni. Akwai katin hoto, shi ne mai zane. Akwai uwar allo, faifan da ake dasa komai a kansa. Akwai ram, wato ma'ajiyar wucin gadi, sai ma'ajiya ta dindindin inda wasanni ke zaune. Sannan akwai tukunyar wuta, wadda a kasuwa ake ce wa fawa-fak, ita ke karɓar wutar bango mai bolt 230 ta mayar da ita 12 da 5 da 3.3 da kayan ke buƙata. Na ƙarshe akwati, wanda ba na son a kashe masa kuɗi. Fitilu masu launi-launi da gilashin gefe ba su ƙara hoto ko ɗaya a daƙiƙa.

Kafin a sayi ko kusa ɗaya, a tambayi kai wane wasa za a yi. Yawancinmu 'yan ƙwallo ne. Wasan da muka sani da PES ya koma eFootball a 2021, kuma kyauta ake sauke shi, FIFA kuwa ya koma EA Sports FC a 2023. Mafi ƙarancin abin da kamfanin ya nema domin FC 24 shi ne katin GTX 1050 Ti da ram mai gigabait 8 da fili gigabait 100. GTA V kuwa tun 2015 ya shigo kwamfuta, saboda haka tsohon kati ma yana jan sa. Wanda wannan ne burinsa ba shi da gami da katin da aka yi domin allon 4K.

Hanya ta Farko: Kwamfutar Ofis 'Yar Beljiyam

Wannan ita ce hanyar da na fi ba talaka shawara. Kamfanonin Turai da Amurka kan sauya kwamfutocin ofisoshinsu bayan 'yan shekaru, tsofaffin su biyo jirgin ruwa zuwa Legas, su bazu a kasuwar Computer Village ta Ikeja, da Banex a Wuse ta Abuja, wadda ita ce mafi kusa da mu in aka bi ta Akwanga da Keffi, da kuma titin Beirut a Kano. Samfurin da aka fi gani su ne Dell OptiPlex da HP EliteDesk. Mutum ya sayi guda, ya riga ya sami ƙwaƙwalwa da uwar allo da tukunya da akwati a kuɗi ɗaya, saura kati kawai.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Tukunyar waɗannan na'urori ƙarama ce, yawanci tsakanin wat 180 zuwa 300, kuma bakin wayarta na kamfanin ne shi kaɗai, ba a cika samun wata ta maye gurbinta ba. Don haka dole katin ya kasance mai shan wuta daga ramin uwar allo kawai, wanda iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. Nan ne GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 suka yi suna, amma a duba, domin wasu nau'o'insu suna neman ƙarin waya mai baki shida. In akwatin siriri ne, sai an nemi gajeren kati, shi ya sa na fi son doguwar akwati ko da ta ɗan fi tsada. Akwai RX 6400 mai cin wat 53 kacal, sai dai a kan tsohuwar uwar allo ƙarfinsa kan ragu.

Wani abin lura shi ne zamanin ƙwaƙwalwar. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta amince da ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zuriya ta takwas ba. Lambar farko bayan sunan ita ke nuna zuriyar: i5-8500 ta takwas ce, i5-4570 ta huɗu. Ɗan kasuwa zai ce maka “ai Core i7 ce”, ya yi shiru a kan lambar. I7 ta zuriya ta uku ba ta kama ƙafar i5 ta takwas ba.

Hanya ta Biyu: Haɗawa Daga Tushe

Wanda kakarsa ta yi kyau yana iya sayen kaya ɗaiɗai. A nan zan nuna Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2021, mai cin wat 65, kuma tana ɗauke da nata ɗan mai zanen a ciki. Ma'ana za a iya fara wasa ba tare da kati ba, in an rage kyan hoto, sai wata kakar a sayo kati a dasa. Tana zama ne a kan uwar allo mai gurbin AM4, kuma gurbin ƙwaƙwalwa kamar takalmi ne, in ba lambarsa ba ce ba ya shiga. Ram ɗinta DDR4 ne, kuma a sayi sanda biyu masu gigabait 8 maimakon ɗaya mai 16, domin hanya biyu ta fi ɗaya saurin wuce kaya, musamman ga mai zanen cikin ƙwaƙwalwa da ke aron ram. Farashin ram ya hau sosai a ƙarshen 2025 saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe shi, ga kuma dala da ta tashi daga kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Wannan ne ya sa ban kawo farashin komai ba, kafin mujallar nan ta fito daga maɗaba'a ya canza.

Ma'ajiya kuwa a nemi SSD, ko da mai gigabait 512 ce. Ba ta da faifai mai juyawa, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika yi mata illar da take yi wa tsohon hadis ba.

Inda ba a rowa shi ne tukunyar wuta. Tukunya marar suna, marar nauyi a hannu, da aka manna mata takardar wat 600, in ta tashi mutuwa takan tafi da uwar allo da kati. A nemi ta sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus, wat 450 zuwa 550 ya wadatar. A sa sitabilaiza tsakaninta da bango, in da hali da UPS, wadda za ta riƙe na'urar 'yan mintoci a kashe ta cikin mutunci.

A Kasuwa

Kati na hannu shi ne inda aka fi cutar mutane. Dubban RX 580 sun kwana sun wuni suna haƙar kuɗin intanet har zuwa watan Satumban 2022 da Ethereum ta daina wannan tsari, daga nan aka zubo su kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji. Akwai kuma jabu, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma 1050 Ti. Maganin wannan manhajar GPU-Z, kyauta ce, a tafi da ita a filasha, takan tona asirin irin wannan kati. CrystalDiskInfo kuma tana faɗin awoyin da ma'ajiya ta yi tana aiki. Kada a biya sai an kunna wasa a shagon ya yi minti ashirin ana kallon zafin katin, in ya haura digiri 85 ko allo ya fara fitar da ɗige-ɗige, a mayar masa da kayansa. A karɓi rasit mai lambar kayan da kwanakin garanti, domin daga Abuja zuwa Arikya ba tafiyar da za a yi sau biyu ba ce a kan baki da baki.

Ranar haɗawa, in lokacin hunturu ne, a riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kaya, saboda ɗan tartsatsin nan da ke fita daga jiki a busasshen yanayi ya isa ya kashe ram. A shafa sabon man sanyaya ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar wake, kada a wuce haka. Sannan a ɗora akwatin a kan tebur, ba a ƙasa ba, a kuma buɗe shi a hure ƙura da abin hura iska sau ɗaya a wata daga Disamba zuwa Maris, domin ƙurar hunturu ce ke toshe fanka, zafin bazara ya zo ya tarar da ita a toshe.