Yadda za ku adana tashoshi a akwatin rediyo mai lambobi

Iyalai da dama a sansanin nan suna da rediyo mai allon lambobi, wanda ke laluben tasha da kansa. Idan kuka adana tashoshinku, sanarwar rabon abinci ko ta allurar rigakafi ba za ta wuce ku ba kuna cikin lalube.

Da farko ku zare eriya duka, ku zaɓi FM. Ku danne maɓallin SCAN na ɗan lokaci. Akwatin zai bi lambobi daga 87.5 zuwa 108, ya tsaya inda ya samu murya. In tashar ta yi muku, ku danna MEMO ko M, sannan ku ba ta lamba. Tashar da ke karanta sanarwar sansani a ba ta lamba 1, don tsofaffi da yara su same ta da dannawa guda.

Muryar FM ba ta kaiwa nesa. Don kama BBC Hausa ko RFI Hausa kai tsaye, ku koma SW, wato gajeren zango. Mitocin safe daban ne da na dare, kuma akan sauya wasunsu a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, sai a sake adanawa. Wasu akwatunan kan goge komai idan batir ya mutu, saboda haka ku rubuta lambobin a takarda.

Gargaɗi: akwai na'urorin da ke kama maganganun jami'an tsaro. Kada ku saurara, kada ku adana su, domin hakan na iya jawo muku tuhuma. Mai tambaya ya tuntuɓi shugaban unguwarsa.