Wa Ke Shata Sabuwar Unguwa, Wa Ke Raɗa Mata Suna? Darasi Daga Zangunan Arewacin Ghana

Tun da aka ƙirƙiro Yankin Arewa Maso Gabas na Ghana bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Disambar 2018, aka kuma mai da Nalerigu, mazaunin Nayiri sarkin Mamprusi, hedikwatar yankin, filayen da ke tsakaninta da Gambaga suka ƙara daraja, domin ma'aikata da 'yan kasuwa suna neman wurin gini. Haka abin yake a bakin garuruwan Salaga da Yendi da Bawku, inda gonaki ke komawa fulotai, sau da yawa tun kafin a san inda titi zai bi ko sunan da unguwar za ta amsa.

Wannan aiki na shata unguwa ba baƙo ba ne ga Hausawan arewacin Ghana. A ƙarni na 19, lokacin da Salaga take babbar kasuwar goron Gwanja, fatake daga Kano da Katsina da Barno sukan sauka ƙarƙashin ikon sarautar Kpembe, kuma duk wanda ya yi niyyar zama yakan nemi fili ta hannun mai gida, wato attajirin da ke saukar da baƙi, ya adana kayansu, ya tsaya musu wajen ciniki. Da an sami wurin, sai a fara da masallaci da rijiya, a bar sarari gaban zaure don ɗaure jakuna da sauke kaya, sannan gidaje su biyo baya. Sunan kuwa daga bakin jama'a yake fitowa, ko dai na wanda ya fara sauka, ko na sana'a, ko na asalin mazauna, shi ya sa har yau ake jin Unguwar Malam da Unguwar Alhaji a Salaga, ake kuma jin Sabon Gari a Bawku. Da yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa Salaga, waɗanda suka yi ƙaura, ciki har da Alhaji Umaru, mashahurin malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934, sun tafi da wannan tsari duk inda suka kafa sabon zango. Sai dai tsarin yana da rauninsa, domin an gina shi ne don ƙafa da jaki, ya bar lunguna masu ƙunci waɗanda motar kashe gobara ba ta iya shiga, ga kuma rashin magudanan ruwa da ke addabar mazauna kowace damina.

Hukuma ta shigo da nata tsarin. A 2013 gwamnati ta umarci majalisun gundumomi su sa wa tituna suna, su ba gidaje lamba, a 2017 kuma aka ƙaddamar da GhanaPostGPS, adireshin zamani da ke nuna gida ta tauraron ɗan'adam. Mafi muhimmanci ita ce Dokar Amfani da Ƙasa da Tsara Wurare ta 2016, mai lamba 925, wadda ta tanadi taswirar unguwa, wato zanen da ke fayyace fulotai da tituna da wuraren jama'a, ta kuma buƙaci a tuntuɓi mazauna. Amma mafi yawan ƙasar arewa tana hannun sarakuna da dangogi ne, a wasu wuraren kuma akwai tindana, mai kula da ƙasa bisa al'ada, saboda haka taswirar da aka zana a ofis ba tare da su ba takarda ce kawai, kuma filin da aka ware wa makaranta yana iya wayar gari da harsashin gidan wani a kai.

Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa tsoho da sabo, a zauna da mai ƙasa da sarkin zango da limamai da ɗan majalisar unguwa da masu safiyo tun ba a kafa turke ko ɗaya ba. Ya kamata kuma a kira waɗanda tsohon tsarin bai cika jin ta bakinsu ba, wato 'yan haya da matasa da mata, domin matar da ke ɗaukar ruwa a ka ta fi kowa sanin inda famfo ya kamata ya zauna, mai tuyar ƙosai kuma ta san mahaɗar da za ta zama kasuwa ko an zana ko ba a zana ba.

Batun suna ya fi tsanani a Bawku, inda rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya daɗe yana cin rayuka, kuma sa wa unguwa sunan wani sarki yana iya zama iƙirarin mallakar ƙasa a idon ɗaya ɓangaren. Yendi ma, wadda ta samu sabon sarki, wato Ya Na, a Janairun 2019 bayan doguwar taƙaddama tsakanin gidajen sarautar Abudu da Andani, ta san nauyin irin wannan lamari. A irin waɗannan garuruwa, sunan bishiya ko rafi ko sana'a ya fi sauƙin samun yardar kowa, muddin an karanta shi a gaban taron jama'a, an rubuta shi cikin taswirar da majalisa ta amince da ita, kafin a sayar da fuloti na farko.