Kafin ka ƙara wa motar gona sifirin, fara auna abin da take ɗauka



Yau maganar ƙarƙashin mota zan yi. Na san wani zai ce me ya haɗa kaza da sifirin. Akwai haɗi sosai, domin ƙwan da kaza ta saka ba kuɗi ba ne sai ya isa hannun mai saye da lafiyarsa. Ni sai da na yi asara na gane haka.

Gonarmu tana da tazarar kilomita 9 daga bakin kwalta. Da damina laka da ramuka, da rani kuma gargada, irin wadda ke sa haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Motarmu guda ɗaya ce, tsohuwar Hilux. Ita ke kai ƙwai gari, ita ke ɗauko abinci, ita ke jigilar tarwaɗa, kuma ita nake shiga in je ɗaurin aure. Bara sai na lura bayanta ya zauna, in an yi mata lodi ta faɗa rami sai ka ji "gum" daga ƙasa. Na kai ta gareji, bakanike ya leƙa ya ce, "Oga, ƙara mata ganyen sifirin bibbiyu kowane gefe, wallahi sai ta koma kamar tirela." Na biya, aka ƙara.

Ranar farko na ɗauko buhun abincin kaji 30, mota ta tsaya cak, na ce ai shi ke nan an gama. Washegari na loda kiret 100 na ƙwai. Tun a hanya nake jin bayan motar yana tsalle kamar ɗan akuya. Da dilanmu ya gama tsincewa, wanda ya fashe da wanda ya tsage ya kusa kiret 7. Na ɗora wa yaran da suka yi lodi laifi, har na yi musu faɗa. Sai da abin ya maimaita kansa sau uku sannan na yarda aikin da na biya kuɗi aka yi ne yake fasa min ƙwai.

Aikin sifirin da aikin shok

Wani dattijon bakanike ne ya zaunar da ni. Tambayar farko da ya yi min ita ce, "Ɗana, me motar nan take ɗauka kullum?" Wancan na farko bai taɓa tambaya ta haka ba.

Ga yadda abin yake. Sifirin shi ke riƙe nauyin mota, yana lanƙwasawa idan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami. Shok kuma, wato shokabzoba, ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa ya hana sifirin ci gaba da lilo bayan ya lanƙwasa. A Hilux da aka ƙera daga 2005 zuwa yau, gaba sifirin mai murɗe ne da shok a cikinsa, baya kuma sifirin mai ganye-ganye.

Sifirin mai tauri sai da nauyi yake lanƙwasawa. Idan babu nauyin da zai danne shi, duk dukan da hanya ta yi wa taya kai tsaye yake wucewa cikin bodi, ya sauka a kan abin da ke ciki. Da buhun abinci ne babu ruwansa. Ƙwai kuwa tsagewa yake. Idan na ƙyanƙyasa ne abin ya fi muni, domin jijjiga mai yawa tana lalata ɗan gurbin iskar da ke cikinsa ko da ɓawon bai nuna komai ba. Haka 'ya'yan kifi, ruwa yana ta buga su da jikin jarka, su iso a galabaice.

Ɗauki biro ka yi lissafi

Da na koma gida na rubuta lodin da motar ke ɗauka. Kiret ɗaya ƙwai 30 ne, nauyinsa wajen kilo 2, ke nan kiret 100 bai wuce kilo 200 da 'yan kai ba. Buhun abincin kaji kilo 25 ne, buhu 30 ya zama kilo 750. Buhun abincin kifi galibi kilo 15 ne. Ruwa kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 500 rabin tan ke nan tun ba a saka kifi ba.

A mako, kwana 4 ƙwai nake kaiwa, kwana 1 abinci, kifi kuwa sai kamar sau biyu a wata. Sauran lokaci motar wayam take yawo. Ashe na gyara mota ne saboda aikin rana ɗaya, na ɓata ta a sauran kwana shida. Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe: ana zaɓen sifirin da shok ne bisa lodin da mota ke ɗauka a yawancin kwanaki, ranar babban lodi kuma a nemo mata dabara.

Zaɓin da ke gabanka

Na farko, ka mayar da ita yadda kamfani ya yi ta. Yawancin motocin da muke cewa sifirin ɗinsu ya yi laushi, gajiya kawai ya yi, ko shok ya mutu, ko bushin ya cinye. Sabon shok mai kyau da sababbin bushin kaɗai suna iya canza mota har ka yi mamaki. Idan lodinka ƙwai ne da kajin gidan gona, nan ya kamata ka tsaya.

Na biyu, sifirin mai hawa biyu. Ganyayen sama masu laushi ne, su ke aiki idan mota ba ta da kaya. A ƙasa akwai ganye mai kauri wanda ba ya shiga aiki sai nauyi ya danno. Wannan ya dace da mai lodi yau kaɗan gobe da yawa, irina.

Na uku, sifirin mai tauri na manyan kaya. Kamfanoni irin su Old Man Emu na Ostareliya suna rubuta wa kowane sifirin nauyin da aka yi shi dominsa, kuma nauyin da suke nufi shi ne wanda ke kan mota dindindin. Idan ka girke tankin ruwa a bayan motarka ba ka sauke shi, wannan naka ne. Idan ba haka ba, ka bar shi.

A ɓangaren shok, hanyar gargada tana sa shi ya yi zafi, man da ke ciki ya yi kumfa, ƙarfinsa ya ragu tun ba a kai rabin hanya ba. Shok mai gas da mai faɗin jiki sun fi jure wannan. KYB, Monroe da Bilstein sanannu ne, sai dai fa kasuwa akwai na jabu cikin kwali mai kyau. Ka je da wanda ya san kaya.

Maganar ɗaga mota

Matasa muna son mota ta ɗago ta yi kwarjini. To, a sani, ɗaga bodi da sifirin ba ya ɗaga wannan dunƙulen ƙarfen da ke tsakiyar aksul ɗin baya, wanda shi ke fara kama ƙasa a laka. Tsawon taya ne kaɗai ke ɗaga shi. Sannan duk yadda mota ta ƙara tsawo, haka take ƙara sauƙin kifewa a kwana, musamman da tankin ruwan da bai cika ba, ruwan yana kai-kawo gefe da gefe. A gaba kuma, in aka wuce inci 2, shaf da boljoyin suna fara aiki a karkace, su riƙa mutuwa da wuri. Motar da za ka shiga kullum ba ta buƙatar wannan wahalar.

Abin da sifirin ba zai yi maka ba

Ƙarin ganye ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Birki, aksul, shasi da taya duk suna nan yadda suke. Irin waɗannan akori-kura lodinsu yana wajen tan ɗaya ne ko ƙasa da haka, gwargwadon samfuri, kuma har da direba da mutanen da ke ciki a lissafin. Sifirin mai tauri ɓoye maka alamar lodi ya yi yawa kawai yake yi, mota ta tsaya a miƙe alhali birki yana shan wuya. Gara sawu biyu da karyewar aksul a daji da kifi a baya, rana tana dukansu.

Idan za ka yi aikin

A canza shok bibbiyu, hagu da dama tare. A ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, in an ɗaure tana rataye robar za ta yage da wuri. Bayan 'yan kwanaki ana aiki, a koma a ƙara ɗaure kusoshin da suka riƙe sifirin da aksul, domin sabon sifirin yana zama. In an taɓa gaba, a yi alaimen. Sannan a duba iskar taya. Masu faci suna son cika ta tam, alhali adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota, na lodi daban, na wayam daban. Taya mai iska fiye da ƙima ita ma tana fasa ƙwai.

Inda na tsaya

Na sa aka cire ganyayen da aka ƙara. Na sayi sifirin mai hawa biyu, na canza shok huɗu da bushin, ban ɗaga motar ko kaɗan ba. Ƙwai yanzu ina jera shi can gaba kusa da kan mota, inda jijjiga ta fi sauƙi, a kan tsohuwar katifa, a ɗaure da igiya. In ina da buhun abinci biyu ko uku na kai wa wani, sai in ɗora su a kan aksul su danne bayan. Ranar abinci ba na wuce buhu 25. Kuma na rage gudu, wanda shi ko sisi ba a biya. Yanzu sai in kai kiret 100 a tsince abin da bai kai rabin kiret ba. Yaran nan kuma na ba su haƙuri.

Ga wanda bai kai ga sayen mota ba, kada ka taɓa jarin kajinka saboda wannan. Haya za ka ɗauka, amma ka zaɓa. Motar da ta saba dakon bulo da siminti, wadda aka cika wa ganye, kada ka ba ta ƙwanka ko 'ya'yan kifinka komai arahar kuɗinta. Ka leƙa ƙarƙashi ka ƙirga ganyen, ka duba ko shok yana yoyon mai, ka tambayi direba me ya saba ɗauka. Minti biyu ne, amma yana iya tsare maka ribar mako guda.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya kai mu kasuwa lafiya da kayanmu. Amin.